Akwatin da Gambo Ya Ƙi Mayarwa

Jawabin da Malam Lawal Jumare, tsohon shugaban makarantar firamare a Kudan, ya gabatar a taron addu'ar kwana arba'in na marigayi Malam Zainulabidin Usmanu, a ƙofar gidansa da ke Makarfi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Shi ne Mai bayarwa, Shi ne Mai karɓa, kuma gare Shi za mu koma. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi. Wakilan shugabannin ƙananan hukumominmu uku, Ikara da Makarfi da Kudan. Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Dagatai da masu unguwanni. Ardo da jama'arsa da suka yi sammako tun daga Kurmin Kogi. Hajiya Sabuwa, uwargidan marigayi, takaba ta tsare ki a ciki, amma na san lasifikar nan tana kai miki magana har ɗaki. Mukarrama da Salman, 'ya'yan aminina, 'ya'yana. Sauran dangi, maƙwabta da abokan arziki, maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri.

An zaɓe ni in yi magana a madadinmu duka saboda benci ɗaya muka zauna da Zainu tun aji ɗaya, yau shekara sittin da 'yan kai. Ni kuwa na karɓa ne da wani dalilin daban. Mutumin nan ya shekara goma yana tara muryoyin mamatanmu, sama da mutum ɗari huɗu, har da muryar matata Rahama. A cikin kwana arba'in ɗin nan na yi abin da ya jefa aikin nan cikin haɗari, na kuma ɓata sunan wani bawan Allah. Ina so in yabi aminina, sannan in sauke wannan nauyi a gabanku.

Tsofaffin ma'aikata sun san Malam Zainu da tafireta. Shekara talatin da biyu yana buga takardu a ofis. Da aka kawo kwamfuta, abokan aikinsa suka ja baya suna jiran ritaya, shi kuwa ya jawo kujera ya zauna a gabanta har ya san cikinta da bayanta. Da ya ajiye aiki ya buɗe ɗan wurin gyara a zauren gidan nan.

Ya kasance mutum mai jin zafin asara. Ya kasance ba ya iya wuce abin da aka yar bai juya shi ya duba ba. Masu sayen gwangwan da ke bi gida-gida sun san shi sarai. In sun samo matacciyar kwamfuta, kafin su farfasa ta sai sun biyo ta nan. Ya kwance ta, ya zaro faifan ajiyar da ke ciki, wato ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu wanda duk abin da aka zuba wa kwamfuta a cikinsa yake zama, su kuma su tafi da sauran gangar jikin. Ladansu shi ne yana gyara musu wayoyi kyauta. Yakan ce sau da yawa kwamfuta tana mutuwa ne ta bar faifanta da rai, mutane ne ba sa tsayawa su duba.

Mun ga yadda yake gwada su. Ya jona faifan, ya kara shi a kunne, ya lumshe ido. In ya ji yana juyawa sumul, ya ce, "Wannan da sauran kwanansa." In ya ji yana ƙas-ƙas, ya ce, "Allah ya jiƙan maza," ya miƙa wa mai gwangwan. Wanda ya zaɓa kuwa, abu na farko sai ya goge duk abin da mai shi na da ya bari, ba tare da ya buɗe ya gani ba. Na taɓa tsokanarsa na ce ko leƙe ba za ka yi ba, ƙila akwai labari. Ya ce, "Lawal, an ce da kai na tsinci faifai ne, ko na tsinci asirin mutane?"

Ya adana abubuwa da yawa a faya-fayan nan. Takardun gonaki da ya ɗauki hotonsu kafin gara ta ƙarasa su, sakamakon jarrabawar 'yan makaranta, katunan rigakafi, hotunan biki. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka sami aiki saboda takardar da ta ɓace a gida ta fito daga zauren Zainu. Amma abin da ya ba wa zuciyarsa shi ne muryoyi, kuma da dalili.

Kun san yadda muke yi da wayar mamaci. Kayan gado ce. Wanda ta faɗo wa, abin da yake fara yi shi ne ya kai ta kasuwa a goge ta tas, don ba wanda ke son ya buɗe waya ya ci karo da sunan wanda ya tafi. Iyayenmu mata kuwa da yawansu ba rubutu suke yi ba, danna waya suke yi su yi magana, saƙon murya ya tafi. Da mahaifiyar Zainu ta rasu, kafin ya farga an ba da wayarta an goge, tasa wayar kuma ta riga ta faɗa rijiya da duk saƙonninta tun da bazara. Ya zo wurina a Kudan ya zauna. Can ya ce, "Shekarata talatin ina adana takardun gwamnati. Na kasa adana 'ka ci abinci?' guda ɗaya na Inna."

Daga nan ya fara. Ranar sadakar uku, in an shafa addu'a jama'a sun ragu, sai ka ga ya matso kusa da babban gida, ya yi ƙasa da murya: "Allah ya ba da haƙuri. Wayar marigayi fa, kafin a taɓa ta, ko za a ara mini ita rabin awa?" Da farko ya sha kunya. A Gazara wani ya ce masa, "Haba Malam, ƙasar kabari ba ta bushe ba har ka zo taya waya?" Bai yi fushi ba. Ya zauna ya yi bayani, ya kwashe muryoyin a gabansu, ya mayar musu da wayarsu. Bayan shekara biyu mutumin nan da kansa ya zo Makarfi da 'yarsa, ya ce tana so ta ji babarta. Daga baya har ta kai in an yi rasuwa, kafin a aika wa dangin nesa an aiko wa Zainu.

Ya kasance mai tsari, tsarin da har yakan ba mu haushi. Komai ya kwasa sai ya zuba shi a faifai uku, don tsofaffi ne, ba a san ranar da ɗaya zai cika ba. Kowane faifai ya liƙa masa filasta ya rubuta lamba. Ya naɗe su da soson katifa, ya jera a akwatin ƙarfe, ya sa ƙullin gawayi a gefe don ya tsotse laima. Akwati uku, gari uku. Ɗaya a zauren nan. Ɗaya a Kudan. Ɗaya a Kurmin Kogi, wurin Malam Gambo, makiyayi, amininsa tun suna samari. Ya ce a wurin mahaifinsa ya koya. Tun shekarar da gobara ta cinye musu rumbu, tsohon bai sake ajiye iri wuri ɗaya ba, sai dami a gida, dami wurin ƙanwarsa, dami wurin surukinsa. Da muka ce me ya kai shi ruga inda ko wutar lantarki babu, ya ce abin da ya kai shi ke nan, ba wanda zai jona masa kaya don gwaji.

Duk bayan wata biyu yakan ɗaure ƙaramar kwamfutarsa a baya, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya zagaya akwatunan. Ya tayar da kowane faifai, ya saurare shi, ya ƙara sabbin muryoyi, wanda ya fara gajiya ya canza shi. Faifai ba ya son girgiza, don haka Zainu ba ya gudu. Wallahi na ga mai jaki ya wuce shi a hanyar Gazara, ya waiwayo ya ce, "Malam, ko in ja ka?" Zainu ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da lallaɓawa.

Yanzu bari in zo kaina.

Ni ina cikin waɗanda ba su yarda da aikin nan ba. Na sha gaya masa wanda ya tafi ya tafi, addu'a yake bukata, sauraren muryarsa fama ciwo ne kawai. Kun san halin tsohon hedimasta, in ya faɗi magana gani yake an buga ƙararrawa. Shekara bakwai da suka wuce Allah ya karɓi matata Rahama. Ranar uku na ga Zainu yana matsowa. Kafin ya buɗe baki na ce, "Zainu, har ni?" Ya koma ya zauna. Na ba ƙanwarta wayar, aka goge. Tawa wayar kuwa ba ta da komai nata, don muna gida ɗaya, ba ta taɓa bukatar aiko mini saƙo ba.

Wajen shekara ɗaya da rabi bayan haka na gane abin da na yi. Ina tuna fuskarta. Ina tuna tafiyarta, ina tuna kalmomin da take yawan faɗa. Amma in na nemi sautin muryarta a kaina, babu. Na yi ta nema kamar mai laluben makulli a aljihun da ya san ya huje. Ban gaya wa kowa ba, balle Zainu. Girman kai ya hana ni.

Sai Hajo ta rasu, aminiyar Rahama ta Gazara. Bayan mako guda na ji ƙarar babur ɗin nan a ƙofata. Muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Lawal, na kwashe wayar Hajo. Akwai saƙo goma sha ɗaya da Rahama ta aika mata. Ban saurara ba. Mijin Hajo ya ce naka ne."

Na ce, "Ba yau ba."

Ya ce, "To. Suna faifai na tara." Ya ƙara da cewa mai riƙe akwatin Kudan an yi masa canjin wurin aiki, ko zan karɓa. Na san dabara ce, shi ma ya san na sani. Na karɓa. Muka tura akwatin ƙarƙashin gadona. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ko ka ji an ce Zainu ya mutu, kada akwatin nan ya bar ɗakin nan."

Shekara biyar akwatin nan yana ƙarƙashina. Duk zuwan da zai yi, in ya kai kan na tara sai ya ɗago ya dube ni, ni kuma in kau da kai. Bai taɓa matsa mini ba, bai taɓa tuna mini abin da na faɗa masa ranar uku ba. Tsoro nake ji, jama'a. Tsoron in ji ta in kasa ɗauka, da kunyar in karya maganata a gabansa. Kullum ina cewa akwai lokaci.

Ya kasance mai haƙuri da masu taurin kai, ni ne shaida. Ya kasance ba ya cin nasara a kan mutum ya tsaya yana kallonsa. Kwana uku ya yi yana zazzaɓi, ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar bakwai na ɗauko akwatin Kudan na kawo shi gidan nan. Na tuna maganarsa sarai, amma na ce a raina ai irin maganar da ake yi ce. Ni mai karatu ne, na san in mai ajiya ya rasu ana mayar da ajiyarsa ga magada. Ban tambayi Liman ba, ban tambayi magadan ba, ban tsaya na yi tunanin cewa ƙarfen ne na Zainu, abin da ke ciki na gidaje ɗari huɗu ne. Salman ya karɓa da ladabi, don aminin babansa ne ya kawo. Aka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa a zaure, aka kulle. Na koma gida ina jin na cika amana.

Ban tsaya nan ba. Na ji Gambo bai kawo nasa ba, sai na ɗebi mutum biyu muka tafi Kurmin Kogi. Na yi masa bayani dalla-dalla, irin na aji. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Amma cewa ya yi ko ya mutu kada in motsa shi. To ya mutu. Ai yanzu ne maganar ta fara aiki."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ya ji tsoron Allah, kayan marayu yake riƙewa. A gaban iyalinsa na faɗa. Ya tashi ya raka mu har bakin hanya. Maganar kuma ba ta tsaya a rugar ba, don ni na fito da ita. Har a kasuwar Ikara aka riƙa nuna dattijon nan da baki, wai ya danne dukiyar amininsa.

Ranar kwana ashirin da uku da rasuwar, bayan an kwana uku ana ruwa, ana idar da azahar bangon zauren nan ya zube. Ga gurbinsa nan kuna gani. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Amma akwatunan biyu suna ƙarƙashi, ƙasa ta murƙushe su, ruwan laka ya cika su. Maƙwabta suka taru suka tono su, Allah ya saka musu da alheri. Da niyyar ceto aka wanke faya-fayan da ruwa, aka ɗauko kayan aikin marigayi aka kwance murafansu don cikin ya sha iska, aka baza su a tabarma kamar shanyar barkono. Ba wanda ya san faifai in an buɗe cikinsa shi ke nan. Ni ma da ina wurin da hannuna za a yi.

Mukarrama tana wurin aikinta a Zariya, ita ce ta gaji hannun babanta a harkar kwamfuta. Da ta iso da la'asar ta ga tabarmar, sai ta zauna a ƙasa. Ta kai su wurin wani gwani a Kaduna. Cikin faifai arba'in da takwas, uku aka ceto. Na tara ba ya ciki, na Makarfi da na Kudan duka sun tafi.

Da labari ya iso ni, na shiga ɗaki na dubi ƙarƙashin gadona. Wurin a bushe yake ƙayau, ga shatin akwatin nan a ƙasa. Ko ɗigon ruwa bai shiga ɗakin ba. Da na bar shi inda aka ce in bar shi, da ba abin da ya same shi. Sau biyu ke nan ina rabuwa da muryar Rahama, kuma duka biyun da hannuna da iliminna na yi.

Asabar ɗin da ta wuce na ce wa Mukarrama ta raka ni Kurmin Kogi. Ban san da wace fuska zan shiga ba. Gambo ya tarbe mu kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi hanya, aka kawo fura da nono. Sannan ya kai mu ɗakinsa. Akwatin yana bisa wani ɗan dakali da ya gina masa, an lulluɓe shi da fata. Da watan zagaye ya zo Zainu bai zo ba, shi da kansa ya buɗe ya canza gawayin, don ya sha ganin ana yi. Mukarrama ta ce ko za mu tafi da shi Makarfi a kwafa. Ya ce, "A'a, 'yata. A buɗe a nan, yadda babanki yake yi." Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta jona na farko ta kara a kunne. Cikin ashirin da huɗu, ashirin da uku suna da rai, ɗayan da ya gaza kuma yana cikin ukun da aka ceto a Kaduna. Ba muryar da ta ɓace.

Hajiya Sabuwa, Mukarrama, Salman, ku nake wa magana yanzu. Kun yi rashin da ba mai maye muku shi. Kun ba mu aron mutumin nan shekara goma, yana fita da hantsi ya dawo da yamma a gajiye don hidimar gidajen da ba nasa ba, ba ku taɓa yin ƙorafi ba. Shekaranjiya kuma kuka zauna da Malam Liman, kuka yafe rabonku a faya-fayan nan, kuka mai da su wakafi don jama'a. Ba mu da bakin gode muku. Na aika a roƙa mini gafarar Hajiya, na ce in an sake haɗa akwatin Kudan a nemi wanda ya fi ni hankali a ba shi. Ta aiko da amsa cewa, "A mayar masa. Yanzu ya gane." Hajiya, na ji, na kuma karɓa.

Jama'a, mu kuma ga namu aikin. Yau muryoyin mamatanmu a wuri ɗaya tak suka rage, a tsofaffin ƙarafa, a ɗaki ɗaya, damina kuma ba ta ƙare ba. Muna bukatar faifai arba'in da takwas masu rai. Ranka ya daɗe, wakilan shugabanni, a ɗakunan ajiyar ofisoshinmu da makarantunmu akwai kwamfutocin da suka shekara suna shan ƙura. In doka ta ba da dama, a bari a duba cikinsu kafin a zubar. Mai matacciyar kwamfuta a gida ya kawo. 'Yan'uwanmu masu gwangwan, kada ku canza hanya. Mukarrama ta ɗauki alkawarin zuwa Kurmin Kogi duk Asabar ta kwafa a can, Salman zai kai ta, kuma an gargaɗe shi a kan gudu.

Malam Gambo, kana ina? Ga shi can kusa da Ardo. Don Allah ka ɗan miƙe jama'a su gan ka. Ya zo yau hannu rabbana, bai kawo akwatin ba, kuma kada wanda ya tambaye shi. Gambo, a gaban iyalinka na ce kana riƙe kayan marayu. Ba gaskiya na faɗa ba. Kai ka riƙe amana, ni na tozarta ta. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina ko daga bakin wani, ya ji wannan ma, ya kai ta har inda waccan ta kai. Ka yafe mini don Allah. Na gode. Zauna, Allah ya saka maka da Aljanna.

Saura abu ɗaya, sannan in ba Malam Liman wuri.

Ranar nan a ɗakin Gambo, da Mukarrama ta zo kan faifai na tara, ta saurare shi ta ce, "Baba, yana da rai. In kunna maka?" Na gyaɗa kai. Ta danna, ita da Gambo suka fita suka ja mini ƙofa.

Ba wasiyya ba ce, ba wata babbar magana ba ce. Cewa ta yi: "Hajo, ina kwana, ya yara? Na ga kukar, Allah ya saka, amma kin cika ta da yawa. Zancen bikin nan, zan zo amma ba zan kwana ba, ki yi haƙuri. Malam ne. Zai ce miki ba komai in kwana, kada ki yarda. In ba na nan ba ya cin abinci, sai ya ce wai ya ƙoshi a makaranta. Shekara talatin yana zaton ban sani ba." Sai ta yi dariya. Can daga nesa na ji wani ya yi sallama, ashe ni ne, na dawo daga aiki. Ta amsa mini, ta ce, "Ga shi nan ya shigo, sai anjima."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ranar jana'izarta ba. Na so in fito in ce wa Zainu kai ne da gaskiya, na yi latti da kwana talatin da biyu. Guda ɗaya na iya ji. Sauran goman suna can, tare da na iyayenku da matanku da mazajenku da 'ya'yanku, suna jiran mu yi abin da ya kamata.

Muna godiya ga mai girma Hakimi da dukan manyanmu da suka bar ayyukansu suka zo. Muna godiya ga matan unguwa da suka kwana arba'in suna hidimar baƙi, da duk wanda ya taka ƙafa ko ya aiko.

Ya Allah, bawanka Zainulabidin ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya rufa asirin bayinka, ka rufa nasa. Ya sanyaya zukatan masu makoki, ka sanyaya makwancinsa. Ka ba Hajiya Sabuwa da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu. Ka jiƙan mahaifiyarsa, ka jiƙan Hajo, ka jiƙan Rahama, da duk waɗanda ya adana mana muryoyinsu. Ka ba mu ikon riƙe abin da ya bari. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da su a inda ba a sake rabuwa.

Amin, ya Rabbal alamina. Malam Liman, bisimilla.